Fijon Malamin Gona

A garin Shira, cikin ƙasar Katagum, akwai wani gida a gindin dutse wanda masu wucewa suka daɗe da saninsa da abu biyu: wata babbar darbejiya a ƙofar zaure, da wata farar mota Fijo 504 da ke kwana a inuwarta. Mai gidan malamin gona ne na gwamnati. Ya sayi motar sabuwa fil a 1977 da rancen da akan ba ma'aikata a zamanin, watau shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi. Ya riƙe ta shekara 44, bai sayar ba, bai musanya ba, har Allah ya karɓi abinsa a 2021.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Gida da gonaki da 'yan dabbobi ba su ba da wahala ba, domin kowa ya san darajarsu. Da aka zo kan mota sai magana ta tsaya. Babban ɗan, wanda ke kasuwanci a Azare, ya riga ya kirawo 'yan gwangwan, sun kewaya ta, sun ƙwanƙwasa nan da can, sun yi mata kuɗi bisa nauyi kamar ana cinikin buhun dawa. Sai mai bi masa, wani malamin makarantar firamare da ya kusa ajiye aiki, ya ce a sa ta cikin rabonsa. To, kowa ya san halin kaya: da zarar an ga mai so, sai daraja ta tashi. Kafin a tashi daga zaman nan sai da malamin ya sallama kasonsa na wata 'yar gona a bayan gari, ya karɓi makullin motar da ta yi wata takwas ba ta motsa ba.

Yayan nasa ya ce masa, "Malam, ka ba da ƙasa ka karɓi tsatsa." Shi kuwa ya ce, "Yaya, a bar ni da ita." Iyakar abin da ya iya faɗi ke nan, don shi kansa a ranar bai san dalilinsa ba.

Matashin mai karatu zai yi mamakin wannan ciniki, domin bai ga zamanin Fijo ba. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, a hanyoyin da ba su fi na karkarar Katagum kyau ba. A wannan shekara ta 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, har akan ɗauko wasu kayan ta jirgin sama daga Liyon a sauke a Kano. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta hana manyan ma'aikata hawan motocin alfarma, sai 504 ta zama motar kwamishina da babban sakatare, ta zama kuma burin kowane akawu da malamin asibiti. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har 2006. Tana da tsawon ƙafa, tana haɗiye gargada, kuma babu garin da za ta lalace a rasa wanda ya san cikinta. Wanda ya shigo garinsu da ita a 1977, ba mota kaɗai ya shigo da ita ba, ya shigo da shaidar cewa karatun da aka kai shi bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai dai malamin makaranta ba shi da ƙarfin tayar da ita nan da nan. Tana nan zaune bisa tayoyin da suka sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta, har damina ta 2022, shekarar da ambaliya ta game ƙasar nan. Ruwan da ya gangaro daga duwatsu ya kwanta a ƙofar gidan kwana da kwanaki, ya kai bakin ƙofofin motar, ya shiga ciki. Da ya janye aka buɗe ta sha iska, aka ga sama-sama ta bushe, aka rufe.

Sai a ƙarshen damina ta 2023 ya tara abin da ya tara. Niyyarsa ya ja ta zuwa Azare a yi mata sabon fenti fari ƙal, yadda take a idonsa tun yana yaro, ya zo ya ajiye ta a ƙofar kantin yayansa ba tare da ya ce uffan ba. Kafin haka ya gayyato wani tsohon makanike, wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin Fijo, ya zo ya duba inji. Tsohon bai ko ɗaga bonet ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya yaye shimfiɗar ƙasa, ya sa sukuddireba ya danna daidai inda direba ke ajiye diddige. Sai ta wuce zuruf, hasken rana ya ɓullo ta ƙasa.

Tsohon ya ce, "Malam, nawa ne a hannunka?" Ya faɗa masa. Ya ce, "To, kuɗinka na abu ɗaya ne. Ko ka yi mata kwalliya ta karye da kai a hanyar Yana, ko ka gyara mata ƙasa ta ci gaba da yawo da tsummanta. Zaɓi." Malamin ya ce, "Baba, ai wanda zai gani shi ne saman." Tsohon ya ce, "Shi ya sa masu sayarwa ke fente saman. Kai sayarwa za ka yi?"

Tsohon nan ba tsoratarwa yake yi ba. Babbar mota da akori-kura suna da ƙashin baya na ƙarfe mai kauri wanda aka ɗora jiki a kansa, in jikin ya ruɓe a sāke wani. Ƙaramar 504 ba haka take ba. Jikinta shi ne ƙashinta: faranti ne na ƙarfe mara kauri aka lanƙwasa aka harhaɗa da walda, har ya zama akwati guda mai ɗauke da inji da ƙafafu da mutane. Idan daɓen ƙasa da dogayen ɓangarorin da ke ƙarƙashin ƙofofi suka ruɓe, ƙarfin motar ne ya tafi, ko da injin na kaɗawa kamar agogo.

Mutane da yawa suna zaton tsatsa ciwon motocin Turai ne da na bakin teku, tunda a can ake zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, a Ikko kuma iskar kanta gishiri gare ta. Gaskiya ne busasshiyar iskar Arewa tana yi wa ƙarfe rangwame, kuma shi ya sa har yau ake ganin Fijo a tashoshin karkara. Amma tsatsa ba ta bukatar kome sai ƙarfe da iska da danshi, danshi kuwa yana da maɓoya. Lakar damina takan cushe a lungun da ke saman taya ta yi watanni ba ta bushe ba. Shimfiɗar cikin mota takan sha ruwa ta riƙe, kamar yadda ta yi a wannan tun ambaliya. Ruwan batir yana cin mazauninsa. Fitsarin awaki ma da nasa rabon.

Malamin ya kwana biyu yana juya maganar, sa'an nan ya zaɓi ƙasa. Da ya lissafa kuɗin gareji da na jan mota zuwa Azare, ya ga in ya biya su babu na fenti, sai ya ƙudura zai yi da hannunsa a gida, tsohon makanike ya riƙa leƙowa ranar Lahadi.

Farkon aiki rami ne. Tsohon ya rantsar da shi kada ya kuskura ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak, ko kan bulon siminti, wanda ke iya rugujewa ba sallama. Motar ta fi tan guda nauyi, kuma duk tsohon makanike yana da labarin wani da ta danne. Don haka shi da ɗan ƙanwarsa, wani yaro ɗan sakandare, suka haƙa rami a gefen darbejiya, tsawon motar, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, zurfinsa iya ƙirji. Da yake ƙasar wurin rairayi ce mai zubewa, sai da suka gina gefunan da bulo. Suka sa wa tayoyi iska, matasan unguwa suka tura ta bisa ramin, aka yi mata waigi gaba da baya da duwatsu. Aka cire batir, aka kwance kujeru da shimfiɗa, aka sauke tankin mai aka kai shi can bayan gida, domin walda da tanki ba sa zama wuri ɗaya, ko da an ce babu kome a cikinsa.

Lokacin ma zaɓensa aka yi. Cikin damina ƙarfe ba ya bushewa, in hunturu ya kama kuma ƙura ce za ta bi ɗanyen fenti ta manne. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, nan ne kaɗai sararin. Watau daidai lokacin da kowa ke gona yana girbi, shi da ya sallama gonarsa yana cikin rami. Masu wucewa da amalanken dawa sukan tsaya su ce, "Malam, sannu da aiki, Allah ya sa a dace," sa'an nan a ji dariyarsu bayan sun sha kwana.

Ranar da ya fara sauka da tocila, abin da ya gani bai yi kama da ƙarfe ba. Wani baƙin ɓawo ne ya lulluɓe ƙarƙashin motar, mai kaurin yatsa a wasu wuraren, kamar ƙanzon tukunyar da aka shekara ba a kankare ba. Ya sa wuƙa ya ɓamɓaro guda, ya murza, ya sansana. Baƙin mai ne da rairayi. A nan ya tuna. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, mahaifinsa yakan shimfiɗa tabarma ran Asabar, ya tuɓe riga, ya kwanta a gefen motar da gwangwanin tsohon man inji da tsumma, ya wuni yana shafe-shafe. Suna yara sun ƙi jinin wannan Asabar, don ba a zuwa ko'ina, ba a kuma yi wa Baba magana.

Wannan dabara ta baƙin mai tsohuwa ce, kuma har yanzu direbobin karkara na yin ta. Tana da aibinta: tana lalata roba, tana tara ƙasa, tana ɗiga ta ɓata wuri, kuma dole a maimaita kowace shekara. Ga wanda ke son yin fenti kuwa babu abin da ya fi ta zama masifa, domin fenti ba ya kama maiƙo. Mako uku malamin ya yi yana kankarar abin da ubansa ya shekara arba'in yana shafawa. Yakan taso daga makaranta, ya yi sallar la'asar, ya sauka rami har magariba. Amma duk inda ya ɓamɓare ɓawon nan, sai ya tarar da ƙarfe a ƙarƙashi lafiya lau, har da ragowar fentin Kaduna. Tsatsa ba ta ci ba sai inda ruwa ya ɓullo ta ciki, da lungunan da hannun mutumin da ke kwance bisa tabarma ba zai kai ba. Yana iya bi da yatsa ya nuna iyakar tsawon hannun tsohon, gefe da gefe, kamar an shata da alli.

A ƙarƙashin but ya ci karo da abin da bai sani ba. Rabin daɓen ba na Fijo ba ne. Wani faranti ne da aka yanko daga jikin durom, aka manna da walda mai kaushi, aka dalaye da kwalta. Gefensa kuma asalin ƙarfen ya zama kamar rariya. Da tsohon makanike ya gani, ya ce wannan ba aikin ruwa ba ne, aikin taki ne. Takin zamani yana jawo danshi daga iska ya narke ya zama ruwan gishiri, in ya zube a lungun but ba a wanke ba, yana cin ƙarfe fiye da damina goma.

Da daddare ya shiga wajen mahaifiyarsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, Baba ya taɓa yin safarar taki ne?" Ta yi dariya ta ce, "Safara? Da safara ce ai da kun gaji kuɗi." Ta ce a shekarun da gwamnati ke kiran kowa ya koma gona, zamanin shirin ciyar da ƙasa na soja da kuma na Shagari da ya biyo baya a 1980, in ruwan shuka ya sauka motar ofis ba ta samu zuwa ƙauyuka ba, Malam yakan loda buhuna a motarsa bayan an tashi aiki, ya nufi wajen Disina da ƙauyukan bakin kogi, da mansa, ya dawo tsakar dare da laka har gwiwa. Wata rana but ɗin ya ɓule, buhu ya zube a hanya. Ya kai aka yi masa faci, bai gaya wa kowa ba, don kada a ce ya kashe motar rance. Ta ce, "Ai wannan ita ce kishiyar da ban taɓa faɗa da ita ba. Abin da ta sani nasa, ni ban sani ba."

Malamin ya koma ɗakinsa. Shekara hamsin da 'yan kai yana ɗaukar ubansa mutum mai tsananin son abin hannunsa, wanda ke hana yara jingina da mota.

Aikin bai tafi sumul ba. Ran nan yana goge wani lungu da burushin waya, kansa a ɗage, sai ɓarɓashin tsatsa ya faɗa masa a ido. Ya wanke, ya murza, ya ce zai fita da kansa. Kwana biyu idon ya yi jawur, sai da aka kai shi asibiti a Azare aka cire. Uwargidansa, wadda tun rabon gado ba ta ce kome ba game da gonar, ta ce, "Malam, garin neman gira kada a rasa ido." Ya sayi tabarau irin na masu walda da ƙyallen rufe hanci, abin da ya kamata ya fara saye tun ran farko.

Mai walda ya zo daga Yana da tukwanensa na gas, ya yanke ruɓaɓɓen wurin diddigen direba da gefen but, har sai da ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, ya sa sabo. Ya so ya ɓalle tsohon facin ya yi daɓen but ɗin gaba ɗaya. Malamin ya ce ya ƙwanƙwasa ya ji. Ya ƙwanƙwasa, ya ce yana da sauran ƙarfi. Ya ce to a bar shi.

Sa'an nan aka zo fenti, wanda shi ne mafi ƙanƙantar aikin, ko da yake da sunansa ake kiran duka. Bayan kankara da burushi da sanfefa, sai a wanke ƙarfen da tina har farin tsumma ya daina yin baƙi. Shafin farko jan fentin nan ne da masu walda ke shafa wa ƙofofin ƙarfe. Abin mamaki, garin da ke ba shi launi ɗan'uwan tsatsa ne, ƙarfe ne da ya riga ya gama haɗuwa da iska, ba shi da sauran abin da zai zama. Mutumin Shira bai kamata ya yi mamakin jan launi ba, tunda a duwatsun garin akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka yi da ja, a ƙarƙashin fā inda ruwa ba ya duka, suna nan tun kafin Malam Zaki ya kafa Katagum. Ana shafa jan sau biyu, da kwana guda a tsakani. Bayan ya bushe sarai sai a bi da baƙi mai kaurin kwalta, wanda ke tare tsakuwar da taya ke watsowa.

A nan ya yi kuskuren da ya ci masa rabin galan. Gajiya ta sa ya yi wa ɓangaren da ke bayan inji wankin shan ruwan tsuntsaye, ya shafa ja. Da tsohon ya zo ran Lahadi ya sa farce, sai fentin ya saluɓo kamar fatar dafaffen rogo. Ya ce, "Malam, baƙin nan ba magani ba ne, marufi ne. In ka rufe ƙarfe mai tsabta, ka tsare shi. In ka rufe tsatsa ko maiƙo, ka yi wa ruwa ɗaki, yana ci kana barci." Ya kuma nuna masa 'yan ƙananan hudojin da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda malamin ya toshe da fenti yana zaton gyara ne, alhali kuwa ta nan ruwan da ya shiga ke fita. Ya sa ƙusa ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya hana shi taɓa salansa, don zafinta zai ƙone fentin, ya hana shi robobi da birki da wuraren ɗura giris. Ya kuma kori yaron daga ramin da ya ga yana layi, ya ce tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka a riƙa fitowa ana shan iska, kada kuma wanda ya matso da fitilar kwai ko taba. Lungunan saman taya kuwa sai da aka riƙa cire ƙafa ɗaya-ɗaya, ana tokare motar da gungumen itace.

An gama ana saura kwanaki Nuwamba ta ƙare, da safiyar da aka fara ganin hazo a kan dutse. Aka mayar da tanki da kujeru, tsohon ya wanke kafireto, ya sāke filogi, aka sa batir. Ta yi tari sau uku ta tashi. Kuɗi kuwa sun ƙare ƙarƙaf. Ga fetur, wanda kafin a janye tallafi a watan Mayu na 2023 farashinsa na hukuma ba ya kai naira 200 lita, ya haura 500. Saboda haka motar da aka sha wannan wahala dominta ba ta fita sai ran Juma'a, sai kuwa in za a kai Inna asibiti. Wanda ya gan ta a hanya ba zai ce an taɓa ta ba. Farin ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ga lotsawa a ƙofar baya tun ta 1990 da wani abu.

Yayan ya zo daga Azare ranar wata Juma'a gaida mahaifiyarsu. Motar na bisa ramin, don malamin na duba ko mai na ɗiga. Ya kewaya ta sau ɗaya, hannuwansa a baya, ya ce, "To, Malam, ina aikin?" Malamin ya ce, "Yana ƙasa, Yaya." Ya girgiza kai ya shige cikin gida.

Ya daɗe wajen Inna. Da ya fito bayan la'asar ba kowa a ƙofar gida sai yaron. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa masa, ya cire hula, ya kunna fitilar wayarsa, ya sauka ramin a hankali, don shi ma gwiwa ta fara ba shi labari. Ya bi baƙin daɓen tun daga gaba har baya. A ƙarƙashin but ya tsaya. Duk wurin baƙi ne sai faranti guda da aka bari da jansa, ana ganin sawun tsohuwar waldar kewaye da shi.

Malamin ya dawo daga masallaci ya tarar da shi a ciki. Yayan ya ɗago ya ce, "Wannan ne na Baba?" Ya ce, "Shi ne." Ya ce, "Ja kaɗai zai riƙe shi?" Ya ce, "Sai an riƙa sabuntawa duk shekara in ruwa ya ɗauke." Yayan ya ɗan yi shiru, ya sa tafin hannu ya shafa farantin, sa'an nan ya ce wa yaron ya miƙo masa hannu ya fito. Yana sa riga yana kakkaɓe ƙasa daga wandonsa, ya ce kada a cike ramin, kuma in lokacin ya zo a aika masa Azare, galan ɗin jan nasa ne.